Tarihin Uwar Zane a Zariya: Daga Aska Takwas Zuwa Fuskar Waya

Uwar zane ita ce siffar da ake tsarawa sau ɗaya, a adana ta, a riƙa ɗauko ta ana dasawa a wurare da dama ba tare da an sake ƙirƙiro ta ba. A manhajojin da ake tsara fuskar waya da shafukan intanet da su, irin su Figma da Sketch, wannan dabara ce ginshiƙin aiki: madanni ɗaya ake zanawa, sai a fitar da ɗaruruwa daga jikinsa. Masu sana'ar zane a Zariya sun san dabarar tun kafin zuwan lantarki. Abubuwa biyu ne suka riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani: wurin da ake ajiye uwar, da abin da ke samun 'ya'yanta idan aka yi mata gyara. Tarihin ya faro daga cikin ganuwar birni, ya bi ta Sabon Gari, ya kai Samaru.

Alƙalami, allura da bango

Mafi daɗewar misali yana hannun marubuta Alƙur'ani. Mai rubutu da tawada yana da alamomi sanannu waɗanda ba ya sauya musu kama daga farkon littafi zuwa ƙarshensa: alamar aya, kumsa a kan kowace aya ta biyar, kuri a kan ta goma, sai alamomin hizbi da nusufi da rubu'i da sumuni a gefen shafi, da ta wurin sujada. Kowace tana da siffarta da launinta, kuma mai karatu yana gane ta da kallo ɗaya. Almajiri yana koyon su ne ta kallon hannun malaminsa, har su zauna masa a ka.

Aikin babbar riga ma haka yake, kuma Birnin Zazzau ya yi suna a kansa. Riga ɗaya takan ratsa hannaye da yawa: masaƙi, maɗinkin da ke harhaɗa ƙwaryoyin saƙi, mai zane, mai aikin allura, sannan mabugi. Mai zanen, wanda sau da yawa malami ne da ya saba da alƙalami, shi ke fitar da siffar a jikin yadin da tawada kafin allura ta taɓa shi. Ba sabon abu yake ƙagowa ga kowace riga ba. Yana da taskar siffofi masu sunaye: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, gidan biyar. Kowace tana da mazauninta. Asake suna bin aljihu da kafaɗa ta hagu, tambari yana zama a ƙirji ta dama, a kuma maimaita shi a baya. Gwanintar mai zane tana cikin yadda zai daidaita su da girman rigar da kuɗin mai ita, ya faɗaɗa nan, ya matse can, ya cike gurbi da ƙananan siffofi. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960 da 1970, ya yi dogon bincike a kan wannan aiki, ya tattara zanuka da sunayensu, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa da aka yi a Landan a 1976.

Daga riga siffofin suka hau bango. Zariya gari ne na magina, garin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Magina da masu shafe sun riƙa ƙawata fuskar zaure da dagi da sauran siffofin da aka sani a tufafi, daga baya suka ƙara da keke da mota da agogo da takobi, suka kuma koma amfani da siminti. Dagin nan dai shi ne Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna, har ake ce masa dagin Arewa.

A duk waɗannan sana'o'i, uwar zanen tana cikin kan gwani ne da hannunsa. Shi ya sa ba a samun riguna biyu masu aska takwas da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo. Shi ya sa kuma gyara ba ya komawa baya: idan mai zane ya gano wata hanya mafi kyau ta karkata askar, rigunan gaba ne za su amfana, waɗanda suka riga suka fita kasuwa sun fita ke nan.

Jirgin ƙasa da ɗab'i

Turawa sun kama Zariya a 1902, layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa ta a 1911, Sabon Gari kuma ya tsiro a gefen tashar jirgin. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, Yarabawa da Ibo da wasunsu, suka zauna tare da Nufawa da Hausawa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, har yau kuma ana kiran wani yanki na garin PZ, da sunan kamfanin Paterson Zochonis. Irin wannan gari yana cin takarda: rasit, tikiti, takardar awon auduga da gyaɗa, allon shago, katin biki, kalandar ƙungiya. Daga wannan buƙata ne sana'ar masu ɗab'i da masu rubutun allo da masu sassaƙa hatimin roba ta samu gindin zama.

Babban aikin ɗab'i na Hausa ya kafu a Zariya ne ta hannun hukuma. Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi, tana nan a shekarun 1930 ƙarƙashin Rupert East. Ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A watan Janairun 1939 aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC na buga littattafai a 1966.

Ɗab'in wancan zamani ya mayar da uwar zane ƙarfe. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da ke zaune a gurbinsa cikin akwati. Mai jera haruffa yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a juye, a ɗaure shafin, a shafa tawada, a buga. In an gama sai a wargaza, kowane harafi ya koma gidansa, gobe ya fito a wani labarin. Abin da ba ya sauyawa, kamar sunan jarida da ke saman shafin farko, ko tambarin kamfani, ko adon gefen katin gayyata, akan yi masa bulok na tutiya a ɗora a katako, a ajiye shi shekara da shekaru. Hatimin roba ƙaramin ɗan'uwan wannan bulok ne.

Hausa ta zo wa maɗaba'a da matsalarta ta kanta. Akwatunan haruffa daga Ingila suke zuwa, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Littattafan farko sun yi dabara da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, kamar yadda ake gani a ƙamus ɗin Bargery na 1934. A ƙarshen shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa. Wannan shawara tana nufin sai an zuba sabon ƙarfe ga kowane harafi, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salon rubutu da ake son amfani da shi. Ofisoshin da tafiretocinsu ba su da haruffan kuwa sun daɗe suna bin takarda da biro suna ƙara lanƙwasar.

Ƙarfe ya kawo abin da hannu bai iya ba, wato kamanni: kwafi dubu, duk fuska ɗaya. Amma ya tsananta matsalar gyara. In aka yi kuskure a bulok, kuskuren zai fito sau dubu, kuma babu magani sai a sake wani bulok ɗin, a sake bugu.

Samaru da makarantar zane

Samaru ta fara ne a matsayin tashar binciken aikin gona a 1922. A shekarun 1950 aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a wurin, a 1955 kuma aka dawo da sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya. A nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da ake koya a aji da siffofin gargajiya na gida. Okeke, alal misali, ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo. A ranar 4 ga Oktoban 1962 kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya kuma aka ware sashen zanen masana'antu, inda ake koyar da zanen ɗab'i da na yadi da aikin yumɓu da na gilashi.

Abin da makaranta ta ƙara shi ne ƙa'ida a rubuce. Ɗalibin zanen yadi yana koyon yadda ake tsara siffa ɗaya ta yadda in aka jera ta gefe da gefe ba za a ga mahaɗa ba. Ɗalibin zanen ɗab'i yana koyon raba shafi da layukan awo, da tsara tambari tare da dokokinsa: launinsa kaza, kada a matse shi, kada a rage shi ƙasa da girma kaza. Kayan aikin zamanin su ne rula da tawada da almakashi da gam, da takardun Letraset na Ingila masu haruffan da ake gogawa su manne. Uwar zane ta koma takarda mai kauri da ake rufewa a ajiye a durowa, a ɗauki hotonta duk lokacin da za a yi faranti na injin ɗab'i.

Jami'a ta kuma haifar da kasuwa a bakin ƙofofinta. Kundin kammala digiri yana da tsari ɗaya: bango mai tambarin jami'a da rubutun ruwan zinariya, shafin amincewa, shafin sadaukarwa. Masu tafireta da masu ɗaurin littafi na Samaru sun haddace wannan tsari, suna da bulok ɗin tambarin a ajiye, sunan ɗalibi da taken aiki kawai ke sauyawa. Masu rubutun allo kuma suna yanka haruffa a kwali ko a tsohon fim ɗin hoton asibiti, su ɗora a kan kyalle ko bango su bi da fenti, su wanke su ajiye don aikin gaba.

Zuwan kwamfuta

PageMaker ta fito a 1985, CorelDraw a 1989. Cikin shekarun 1990 da farkon 2000 shagunan kwamfuta suka maye gurbin masu tafireta a Samaru, maɗaba'un Sabon Gari kuma suka koma karɓar aiki a faifai, daga baya a filash. CorelDraw ce ta zama manhajar gida ga masu katin aure da fosta da kalanda da takardar shaida. Teloli ma sun shiga: bayan aikin hannu da aikin keken surfani, sai ga aikin kwamfuta, inda siffar wuyan kaftani take ajiye a fayil, inji yana ɗinka ta sau nawa aka ga dama.

Haruffa masu lanƙwasa sun sake tayar da tsohuwar rigima. A shekarun 1980 an tsara salon haruffa na bai ɗaya don harsunan Nijeriya, da hannun Bajamushen nan mai zanen haruffa Hermann Zapf. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka yi amfani da su sosai. Matsalar irin waɗannan salo ita ce, in aka kai fayil wata kwamfutar da ba ta da su, sai lanƙwasar ta rikiɗe ta zama wata alama. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya ƙunshi haruffan Hausa tun fitowarsa a 1991, amma an ɗauki shekaru kafin manhajoji da allunan madannai na kwamfuta su cim masa.

Yadda aka fi aiki a shago shi ne a buɗe fayil ɗin wani tsohon aiki, a kwafe shi, a goge sunaye a sa sababbi. Hanya ce mai sauri, amma kwafin ba ya da wata igiya da ta haɗa shi da asalinsa. Daga nan ne ake samun katin aure ɗauke da ranar bikin wasu, ko takardar makaranta mai tsohon tambari. In makaranta ta sauya lambar waya, sai an buɗe kowane fayil an gyara da hannu. PageMaker tana da shafin uwa wanda ke riƙe da lambar shafi da kanun da ke maimaituwa, CorelDraw ma ta samu irin wannan dama, amma yawancin aikin kasuwa ya ci gaba da tafiya a kan kwafi.

Uwa mai riƙe da 'ya'yanta

Dabarar ɗaure kwafi da asalinsa ta girmi duk waɗannan manhajoji. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a matsayin aikin digirinsa na uku a MIT ta Amurka. A cikinta ana zana siffa ɗaya a matsayin uwa, a fitar da 'ya'ya daga gare ta, in aka taɓa uwar sai dukansu su sauya. Flash ta yaɗa dabarar a tsakanin masu zanen intanet a ƙarshen shekarun 1990. Sketch, wadda ta fito a 2010, ta shigar da ita a 2014, shekarar da Google ya fitar da kundin ƙa'idojin zanensa na Material Design. Sai dai Sketch a kwamfutar Apple kaɗai take aiki, wadda tsadarta ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai.

Figma ce ta buɗe ƙofar. Dylan Field da Evan Wallace suka kafa kamfanin a 2012, aka sake ta ga jama'a a 2016. Tana aiki a cikin burauza, saboda haka tsohuwar laftof mai Windows ta isa, kuma tana da matakin kyauta. Wannan ne ya sa ta zama manhajar da matasa masu koyon tsara fuskar manhaja a Nijeriya suka fi farawa da ita, ko ta bidiyon YouTube ko ta kwasa-kwasai irin na shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Abin da ke takura mai koyo a Samaru shi ne kuɗin data da ɗaukewar wuta, domin aikin yana son intanet.

Ƙirƙirar uwa a Figma ba ta da wuya. Mai zane yana tsara abin da yake so, a ce madanni mai rubutu a tsakiya, ya zaɓe shi, ya ba da umarnin a mayar da shi uwa. Manhajar sai ta kewaye shi da launin shunayya, ta sa masa alama ta musamman a jerin abubuwan shafin. Daga nan duk kwafin da aka ɗauka ɗa ne. In aka sauya launin uwar, ko aka zagaye kusurwoyinta, ko aka ƙara mata tsawo, sauyin zai bayyana nan take a duk shafukan da 'ya'yan suke, ko ashirin ne ko ɗari biyu.

Ɗa yana da 'yancinsa, amma mai iyaka. Ana iya sauya masa rubutu ko launi ko hoto, wannan ya ce "Shiga", wancan ya ce "Aika kuɗi", kuma wannan sauyi yana zama ko da an gyara uwar daga baya. Abin da ba a iya yi masa shi ne sauya ƙashin gininsa, kamar ƙara sabon sashe ko sake jerin sassan. Wannan sai a jikin uwa. Mai son cikakken iko yana iya yanke ɗan daga uwarsa, amma daga ranar ya zama zane mai zaman kansa, gyara ba zai ƙara iso shi ba. Yawan yankewa shi ke mayar da fayil irin na shagon katin aure.

An riƙa ƙara wa dabarar rassa. A 2019 aka kawo tsarin da ke sa madanni ya buɗe ko ya tsuke gwargwadon tsawon rubutun da ke cikinsa. A 2020 aka ba da damar tara yanayin abu ɗaya a wuri ɗaya: madanni yana zaune, an danna shi, an kashe shi, babba, ƙarami. A 2023 aka ƙara hanyar ba launuka da ma'aunai sunaye, ta yadda za a juya fuska daga fara zuwa baƙa gaba ɗaya. Uwa kuma tana iya zama cikin wata uwar: ƙaramar alama a cikin madanni, madanni a cikin kati, kati a cikin shafi. Ƙungiyar ma'aikata takan tara iyayen zanenta a taska ɗaya. Wanda ya yi gyara sai ya wallafa shi, sauran su ga sanarwa, su duba, su karɓa. Saboda haka ake kula da suna da tsari tun daga farko, domin kuskure a uwa yana bazuwa da saurin da gyara ke bazuwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsayin sana'ar a yau

Sabuwar hanya ba ta kashe tsofaffin ba. A Birni ana ci gaba da aikin hannu a babbar riga da hula, kuma mata da yawa sun shiga sana'ar da a da ta maza ce. A Sabon Gari ana yin hatimi, ana buga rasit da fosta. A Samaru ana ɗaure kundin digiri da tambarin ruwan zinariya, a shagon da ke kusa kuma wani yana tsara fuskar manhaja. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, a fuskar manhaja kaɗai gyara ke iya bin abin da ya riga ya bar hannun mai shi: in masu rubuta manhaja suka gina ta a kan tsarin uwa da 'ya'ya, madannin da aka gyara yau yana iya sauyawa a wayoyin jama'a da sabuntawa ta gaba.

Mai tsara fuska da Hausa yana da ƙarin abin lura. Kalma ɗaya ta Ingilishi takan zama biyu ko uku a Hausa, don haka madannin da aka yanka daidai da Ingilishi yakan guntule rubutun in ba a bar masa damar buɗewa ba. Ajami yana tafiya daga dama zuwa hagu, wanda ke buƙatar a juya jerin sassan uwar. Sannan ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. In babu su, manhaja takan aro su daga wani salon su fito bare a tsakiyar kalma, ko ta bar ɗan akwati a gurbinsu. Saboda haka gwajin farko kafin a gina taskar zane ta Hausa shi ne a rubuta waɗannan haruffa, manya da ƙanana, siriri da mai kauri, a ga ko sun fito. Ita ce matsalar da masu ɗab'i suka fuskanta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da sai an zuba wa kowane harafi dalmarsa.